Sallamar da aka yi ta ɗagawa: nazarin lamarin wani yaron shago a Damagaram

Duk wanda ya san kasuwancin Damagaram ya san yaron shago. Uba ne zai kamo hannun ɗansa daga ƙauye ya damƙa shi ga wani ɗan kasuwa a gari, a shafa fatiha, a ce ya zauna ya koyi nema. Babu albashi a tsakani. Abin da ke akwai shi ne ci da sha da wurin kwana da ɗinkin Salla, sai kuma alkawarin da ya fi su duka nauyi: in shekarun da aka yanka sun cika, ubangida zai sallami yaro da jari ya tsaya da ƙafarsa. Akwai manyan ƴan kasuwa a kasuwar Dole da ta wannan ƙofa suka shigo, don haka ba tsarin na zo in kushe ba. Lamari ɗaya nake so mu duba, wanda ya kai gaban dattawan kasuwa a 2024. Na ɓoye sunaye da layin da shagon yake, domin mutanen suna raye kuma sahu ɗaya suke bi a masallaci.

Yadda abin ya faru

Yaron ɗan wani ƙauye ne a yankin Mirya. Daminar 2011 ba ta yi kyau ba a Nijar, rumbuna suka ƙare tun kafin bazara, shi ne mahaifinsa ya kawo shi Zinder, wato Damagaram, a 2012, yana ɗan shekara 16, wurin wani Alhaji mai sayar da atamfa da shadda da yadi. A zaure aka yi maganar, gaban limamin unguwa: shekara bakwai, sannan sallama. Nawa ne jarin? Ba wanda ya faɗa. Uban ya ji nauyin tambaya, Alhaji kuma ya ce, "Haba Malam, ɗanka ai ɗana ne. In lokaci ya yi ba zan ba ka kunya ba." A kan haka aka tashi.

Da shara da dakon dila daga tasha ya fara. Allah ya yi shi da kai. Kafin shekara uku yana murza shadda tsakanin yatsu biyu ya gaya maka ta gaske ce ko jabu, yana juya naira zuwa sefa a ka tun ɗan canji bai gama danna wayarsa ba. Alhaji ya soma tura shi Kano shi kaɗai, ta Matamaye da Ɗan Barto da Daura, ya shiga Kantin Kwari ya saro kaya ya dawo, ko dala ba ta yi ciwon kai ba. Daga nan makullin shago da littafin bashi suka koma hannunsa, Alhaji kuwa ya sami sukunin buɗe wani shagon da shiga harkar hatsi.

Dole a faɗi alherin Alhaji, domin in aka ɓoye shi an zalunce shi, kuma lamarin ma ba zai fahimtu ba. Bai taɓa ɗaga hannu ya mari yaron ba. Kwano ɗaya suke ci. Da mahaifin yaron ya kwanta ciwo, Alhaji ne ya sa aka kawo shi asibiti a gari ya biya komai, da rai ya yi halinsa kuma shi ya sayi likkafani. Duk shekarar da hatsi ya yi tsada, buhu yana isa ƙauyen ba tare da an roƙa ba.

Shekara bakwai ta cika a 2019. A watan Agusta na shekarar Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, kayan Kano suka koma shigowa ta daji a kan babura, tsada ta ninka. Alhaji ya ce, "Ɗana, kai ma ka ga yadda kasuwa take. Bari a buɗe iyaka." An buɗe a Disambar 2020, ga korona ta riga ta taɓa kowa, sai ya ce bari kasuwa ta farfaɗo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, takunkumin CEDEAO (ECOWAS), ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya sake toshe hanya har watan Maris na 2024. Babu uzuri ɗaya cikin waɗannan da yake ƙirƙira ne. Sai dai a cikin waɗannan shekarun ne Alhaji ya je Umra, ya aurar da ɗiyarsa da kayan ɗaki na gani na faɗa, ya kuma gyara shago na biyu. A 2022 ya ce zai yi wa yaron aure. Ya biya sadaki, ya ba shi ɗaki a cikin gidansa. Yaron ya yi godiya har da hawaye, kuma tun daga ranar maganar sallama ta ƙara yi masa nauyi a baki. Wanda matarsa ke girki a tsakar gidan mutum, da wane ido zai dube shi ya ce ina jarina?

Abin da ya fasa ƙwai ya zo ta inda ba a zata ba. Wani dattijo mai shago a layinsu, wanda ba shi da ɗa a kasuwa, ya daɗe yana lura da yaron. A 2021 ya je wurin Alhaji, kamar yadda ladabi ya tanada, ya ce yana so ya ba yaron jari a raba riba, tunda shekarunsa sun cika. Alhaji ya sassauta murya ya ce masa, "Ina ba ka shawara ka bari. Yana da ɗan halin ɓera, rufa masa asiri kawai nake yi saboda marigayi." Dattijon ya janye. Yaron bai san an taɓa nemansa ba. Sai bayan shekara uku, da dattijon ya ga har yanzu makulli da littafi suna hannun wanda aka ce ɓarawo ne, abin ya tsaya masa a rai, ya kira kawun yaron ya gaya masa.

Da dattawa suka zauna, Alhaji bai musa ba. Cewa ya yi, "In na sallame shi, wa zai riƙe mini shagon? Ƴaƴana duk boko suka yi, ba wanda ya san kan turmi. Na ci da shi, na sha da shi, na yi masa aure. Da me na rage shi?" Waɗanda suka ji shi sun ce da zuciya ɗaya yake tambayar. Shi ma yaron, da aka matsa, ya fito da nasa. Ya ce tun bayan aurensa yana ɗora wani abu a kan farashin da Alhaji ya yanka, ya sa rarar a aljihu. "Baba, kaina nake biya," in ji shi. A 2021 lokacin da aka yi masa ƙazafin hannunsa fes yake, littafi ya shaida. Daga baya ne ya ɓaci.

Ma'aunin da na ɗauko

Tambayar Alhaji, da me na rage shi, ita ce cibiyar lamarin, kuma ba a amsa ta da lissafin buhuna. Masanin falsafa Bajamushe Immanuel Kant, wanda aka haifa a 1724 ya rasu a 1804 a birnin Königsberg, Kaliningrad ta ƙasar Rasha a yau, ya kafa wata ƙa'ida a ɗan littafinsa na 1785 kan tushen ɗa'a. Ma'anarta ita ce duk mai hankali abin nufi ne a karan kansa, don haka ko kai kanka ne ko waninka, kada ka taɓa mayar da ɗan Adam hanyar biyan buƙatarka kawai. Bai hana mutum ya amfana da mutum ba. Wanda ya hau kabu-kabu daga Birni zuwa Zango ya amfana da mai babur, amma sun yi ciniki, kowa ya san abin da zai bayar da abin da zai karɓa, kuma mai babur yana da ikon cewa ba zan je ba. Abin da ya haramta shi ne ka bi da mutum ta hanyar da in ya san gaskiyarta ba yadda za a yi ya yarda. Misalin da shi kansa ya kawo shi ne wanda ya nemi rance ya yi alkawarin biya alhali ya san ba zai biya ba. Mai ba da kuɗin yana tsammanin rance ya bayar, ashe ƙwace aka yi masa da daɗin baki.

Kant ɗin nan ya rubuta maganganu na raini game da baƙar fata, kuma ba na ganin dalilin ɓoye wannan. Ƙa'idarsa ita ce ta farko da za ta kama shi a kansu. Na ɗauke ta ne domin tana haska wani lungu da alheri kan rufe mana ido a kai.

In muka ɗora lamarin a kan wannan ma'auni, shekara bakwai na farko ba su da aibi a ganina. Yaron ya san abin da ya shiga, ya yi aiki, ya koyi sana'a, Alhaji ya amfana, kuma na yarda cewa a 2012 Alhaji da gaske yake. Alkawarin bai zama ƙarya a zauren nan ba. Ya zama ƙarya ne ranar da Alhaji ya gama yanke wa ransa cewa shagon ba zai iya rabuwa da yaron ba, amma bakinsa ya ci gaba da cewa bari. Da ya kira shi ya ce, "Ɗana, ba ni da halin sallamarka yanzu, kuma gaskiya ina buƙatarka. Ka ƙara mini shekara biyu in riƙa ba ka kaso kaza na riba, ko kuwa ka tafi da abin da ya samu," da ya bar masa zaɓi. Yaron na iya yarda, yana iya ƙi. Abin da aka yi shi ne aka riƙa ba shi labarin da zai sa ya zauna, aka ɓoye masa wanda zai sa ya tashi.

Maganar 2021 ta fi komai muni, kuma a nan nake ganin dattawa ba su tsaya yadda ya kamata ba. An buɗe wa saurayi ƙofar arziki, wani ya rufe ta a bayan idonsa, da ƙarya, kuma ƙaryar a kan amanarsa, wadda ita kaɗai ce dukiyar yaron shago. An yanke hukunci a kan rayuwarsa ba a tambaye shi ba, ba a ma bari ya san akwai abin da za a tambaye shi ba. Shi ma dattijon an yi wasa da hankalinsa, an sa shi ya janye daga alherin da ya yi niyya bisa labarin da ba shi da tushe. Mutum biyu masu hankali aka juya a zama ɗaya don shago ya ci gaba da buɗewa da safe.

To alherin fa? Ba na cewa duka dabara ce. Wanda ya ga Alhaji ranar jana'izar uban yaron ya san akwai ƙauna. Amma mai amalanke ma yana ba sansa harawa da dusa, yana kai shi inuwa, har yana jin ciwo in ya rame, sai dai ba ya taɓa tambayarsa ina yake so ya je. Kulawa da jikin mutum daban, girmama nufinsa daban. Kant ya ce ƙin cutar da mutum kaɗai bai wadatar ba, sai ka ɗauki burinsa da muhimmanci har ka taimaka masa a kai iyakar iyawarka. Burin yaron nan ba a ɓoye yake ba, an faɗe shi gaban liman: ya tsaya da ƙafarsa. Duk alherin da aka yi masa bayan 2019 ya kewaye wannan buri ya wuce. Auren ma haka. Da an ce masa ga kuɗi, sadaki kake so ko jari, wataƙila ya zaɓi auren, kuma da babu abin cewa. Ba a tambaye shi ba, kuma kyautar da aka zaɓa masa ita ce wadda ta ƙara ɗaure shi a gidan.

Wani daga cikin dattawan, tsohon ma'aikaci ne, ya yi lissafi a wurin. Mafi ƙarancin albashin da doka ta tsayar a Nijar a 2012 shi ne sefa 30,047 a wata. Ko a wannan tsohon ƙiyasi, shekara biyar da yaron ya ƙara sun haura sefa miliyan 1.8, ga shi kuma ba lebura ba ne, shi ke riƙe da shagon. Lissafin ya yi amfani, don ya nuna wa Alhaji cewa buhunan hatsi da sadaki ba su kai rabin hanya ba. Amma akwai bambancin da Kant ya yi tsakanin abin da ke da farashi, wanda za a iya musanya shi da makamancinsa, da abin da ke da mutunci, wanda ba shi da madadi. Aikin yaron yana da farashi, ana iya biya. Sunansa da aka ɓata da zaɓinsa da aka ƙwace ba sa shiga littafin bashi. Ƙasarmu ta san inda sa wa mutum farashi yake kaiwa. Sai a 2003 doka ta mayar da bautarwa laifin da ake hukuntawa, kuma a watan Oktoba na 2008 kotun CEDEAO ta kama gwamnatin Nijar da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana ƴar shekara 12 a kan sefa 240,000. Lamarin shagon nan ba bauta ba ne, kada a ɗora mini abin da ban faɗa ba. Amma ranar da mutum ya fara lissafa shekarun wani a cikin jarinsa, ya kama hanyar da ba ta da kyau.

Liman bai buƙaci wani Bajamushe ba kafin ya ga ɓarnar. Ya karanto aya ta 70 ta Suratul Isra'i, inda Allah ya ce ya karrama ƴan Adam, ya kawo hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa jan ƙafar mawadaci wajen biyan haƙƙi zalunci ne. Ya kuma tuna abin da duk ɗalibin zaure ya karanta a Risala, cewa ijara, wato ɗaukar mutum aiki, tana halatta ne in an yanka mata lokaci an kuma ambaci lada. A 2012 an yanka lokaci, ba a ambaci lada ba. Kunya ce ta hana, kunyar uba talaka gaban mai hali, kuma da uban ya rasu sai ya zama babu mai tsaya wa maganar. Wannan giɓin ne ya ba Alhaji filin da ya yi ta ɗagawa.

Shi ma yaron ba zan wanke shi ba. Na fahimci zafin da ya ji, amma abin da aka yi masa shi ya juya ya yi wa wasu. Alhaji ya ba shi makulli bisa yarda, shi kuma ya ci gaba da nuna masa fuskar amana yana ɗiba a ɓoye. Matan ƙauye da ke zuwa sayen kayan aure, in suka nemi ragi, yakan rantse musu cewa haka Alhaji ya yanka, alhali ya ɗora nasa. Su me suka yi masa? Haƙƙinsa gaskiya ne, hanyar da ya bi ya karɓe shi ce ta lalace, har ta sa ƙazafin da aka yi masa yana da tsabta ya sami gindin zama daga baya. Ƙa'idar nan kuma ta haɗa da yadda mutum yake ɗaukar kansa. Shekara biyar yana haɗiye magana, yana ganin bai isa ya tambayi abin da aka yi masa alkawari gaban shaidu ba. Na san tarbiyyarmu ce ta koya masa kara, kuma kara abu ne mai kyau. Amma da ya je wurin liman ko kawunsa tun 2021 ya ce a tuna wa Baba maganar nan, da bai fita daga ladabi ba, kuma da hannunsa bai ɓaci ba.

Abin da aka yanke, da abin da aka bari

Dattawa sun yanke cewa Alhaji zai sallami yaron da kaya, turamen atamfa da bandir na yadi, kashi biyu, na farko nan take, na biyu bayan kaka. Za a cire abin da yaron ya amsa da bakinsa cewa ya ɗiba. Zai ƙara wata uku yana nuna wa wani ɗan'uwan Alhaji kan littafi da abokan ciniki, kuma wannan karon da lada sananne. An rubuta takarda, shaidu biyu suka sa hannu. An cika kashin farko, yaron ya kama haya ya fita da matarsa, yanzu yana da tebur a bakin wata rumfa.

Da kawun ya tada maganar ƙazafin, sai babban dattawan ya ce a bar kaza cikin gashinta, tunda shi ma yaron ya amsa nasa laifin, an yi kunnen doki. Ban yarda da wannan ba. Ɗibar da yaron ya yi an lissafa ta an cire, ya biya. Ƙaryar 2021 ba a biya ta da komai ba, kuma tana nan tana aiki. Sana'ar yadi da bashi take tafiya, dila ake ba mutum a kan sunansa ya sayar ya kawo kuɗi. Magana ta riga ta zaga layi, kuma abin da ya zaga bai bambance shekarar da hannunsa yake da tsabta da shekarar da ya ɓaci ba. Har yau duk kayan da zai ɗauka sai ya biya kuɗi hannu, shi ya sa teburin nasa bai cika ba, shi da ya yi shekara da shekaru yana shiga Kantin Kwari da dukiyar wani ba a taɓa kama shi da dala ba.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. Abin da ake buƙata shi ne Alhaji ya taka da ƙafarsa zuwa shagon dattijon nan, da shaidu biyun da suka sa hannu a takarda, ya ce abin da na gaya maka a 2021 ba gaskiya ba ne, tsoron rasa shi ne ya sa ni. Dattijon ya ce in ya ji haka daga bakin Alhaji, tayinsa na raba riba yana nan. Kawun ya sake zuwa wurin liman a kan maganar, liman kuma ya amsa cewa shi zai sami Alhaji a gida su yi ta su biyu kafin a kira kowa.